Yau mu muka haye gada saboda Malam Tsaya

Da safen nan labarin ya same ni. Ina buɗe shagona a Makera, ko kwaɗon ban gama cirewa ba, wayata ta yi ƙara. Layi ɗaya ne a group ɗinmu na tsofaffin ɗalibai: Malam Habibu ya rasu da asuba.

Na zauna a bakin dakali da kwaɗo a hannu. Har maƙwabcina ya leƙo yana tambaya ko lafiya.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ya koya mana Literature a sakandare a Kakuri. Mu dai Malam Tsaya muke ce masa a bayan idonsa, kuma ya sani sarai.

Asalin sunan ke nan. Ranar Laraba yakan sa a kawo tsohuwar talabijin cikin aji, ya sa mana irin finafinan Turawa na da can, marasa kala. Murna muke yi, a tunaninmu hutu ne ya samu. Ina fa. Fim bai taɓa yin nisa ba tare da ya ɗaga rimot ya ce "Tsaya" ba. Mutum yana tsakiyar jin daɗi sai ya ga hoto ya daskare.

Akwai ranar da ba zan manta ba. A fim ɗin wasu Turawa ne ke ratsa daji, bayansu layin baƙaƙen fata ɗauke da akwatuna a ka. Ɗaya daga cikinsu ya zame a taɓo, ya zaro ido, akwati ya tarwatse. Aji ya kwashe da dariya.

"Tsaya."

Ya matsa kusa da talabijin ya ɗora yatsa a kan mutumin da ke kwance cikin taɓo.

"Wane ne wannan?"

Muka ce ɗan dako ne, sir.

"Na ga kaya a kansa. Sunansa nake tambaya."

Baturen da ke gaba mun san sunansa, mun san na matarsa, har na karensa mun sani. Wannan kuwa fim ɗin bai ba shi ko kalma ɗaya ba.

Malam ya ce to ai sai mu raɗa masa. Mu faɗi garinsu, mu faɗi wa ke jiran sa a gida, mu faɗi abin da ya ci kafin ya fito. Chinedu, wanda yanzu yake da gareji a Sabon Tasha, ya ce sunansa Obinna kuma uwarsa na sayar da manja. Zigwai ta ce sam, mutumin garinsu ne, ga irin tafiyarsa nan. Gardama ta kaure har aka buga ƙararrawa. Da Malam ya mayar da fim baya muka sake ganin faɗuwar, babu wanda ya yi dariya.

Haka yake yi da littattafan jarrabawa ma. Idan muka zo kan bawan gida wanda ba ya cewa komai sai "yes master", ko kan wata kalmar wulaƙanci da aka jefi baƙar fata da ita, ba ya tsallakewa, ba ya kuma bari mu karanta da wasa. Yakan ce, "Marubucin nan gwani ne, ba na musu. Ku ji daɗin littafinsa. Amma gwani ma akwai wurin da idonsa bai kai ba, shi nake so ku nemo."

Wata rana da muka gama zagin Turawa son ranmu, ya jingina da allo ya ce, "To mu dawo gida. A wannan gefen kogin Kaduna, 'aboki' kawai ake ce mini, kamar kowane Bahaushe. A can gefen, ku arna ne. Duk cikinmu babu mai suna." Ya faɗa yana murmushi, amma kowa ya sunkuyar da kai.

Bayan rikice-rikicen da duk mutumin Kaduna ya sani, iyalinsa sun tashi daga Nasarawa sun koma Tudun Wada. An yi masa tayin canjin makaranta kusa da gida, ya ce a bar shi. Kullum sai ya haye gada a kan tsohon babur ɗinsa mai tari kamar mai mura, ya zo wurinmu. Ko da azumi haka yake zuwa, leɓensa a bushe, yana karanta mana waƙa.

Ni sauran malamai Daniel suke kira na, ya fi musu sauƙi. Shi kaɗai ya tambaye ni sunan da kakata ta raɗa mini. Na ce Didam. Ya maimaita, na gyara masa, ya sake maimaitawa. Daga ranar bai ƙara ce mini Daniel ba. Sunan Zigwai kam ya ba shi wuya, sai da ya yi kusan zango guda yana fama, ita kuma tana jan aji kamar ita ce malamar.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bara ce. Ya shigo shagona da sanda, ya zo a yi masa fotokwafin tsofaffin tambayoyin jarrabawa, wai yaran unguwarsu yake koya wa tun da ya yi ritaya. Ya rame, amma bakin nan yana nan yadda na san shi. Ya dubi hotunan kamfe da nake bugawa ya ce na yi ƙiba kamar ɗan siyasa. Da zai tafi na raka shi bakin titi, sai ya ce, "Didam, shekara da shekaru ina haye gadar nan saboda ku. Ƙafa ta gaji. Saura ku."

Na ce za mu zo, Malam. Ya ce to, ya ji.

Yau da labarin ya faɗo, ku zo ku ga abin da muka shiga yi a group. Wannan ya ce a kafa kwamiti. Waccan ta ce a fitar da anko, ta ma turo kala biyu a zaɓa. Wani yana tambaya ko ƙarshen wata zai yi wa kowa. Ni kuma, mai aikin bugu, har na fara neman hotonsa mai kyau da zan sa a poster. Haka muka saba, namu mamacin yana jiran 'yan uwa su taru daga ko'ina.

Sai ga kiran Chinedu.

"Didam, wane irin poster? Abeg ajiye wannan abu. Malam Musulmi ne, yau ɗin nan za a binne shi. Ka tsaya bakin titi, ga ni nan."

Mun zauna muna zaɓen atamfa, mutumin da na yi wa alkawari kuwa ana shirin kai shi.

Ya zo da wata motar da ko gama gyaranta bai yi ba, hannunsa duk baƙin mai. Muka ɗauki Zigwai a hanya, ta aro mayafi a wurin maƙwabciyarta. A kan gada muka tarar da gosulo. Chinedu yana ta danna hon, Zigwai tana kuka a baya, ni kuma ina kallon ruwa ina cewa Malam ka ɗan jira mu.

Ba zan ɓoye ba, gabana ya faɗi da muka shiga unguwar. Rabona da ita tun ina yaro.

Mun tarar an idar da salla, an ɗauko makara. Zigwai ta shige cikin gida wurin mata. Ni da Chinedu muka bi bayan jama'a har maƙabarta, muka tsaya can baya, ba mu san yadda za mu yi da hannayenmu ba. Na ji wani yana tambaya ƙasa-ƙasa, su wane ne waɗancan. Wani ya ce wasu 'yan tsallake ne.

Sai wani mai kama da Malam sak ya ratso mutane ya nufo mu. Babban ɗansa ne, Mukhtar. Ya miƙo hannu ya ce, "Sannunku da zuwa. Sunayenku fa?"

Muka faɗa.

Ya ce, "Didam mai shagon bugu. Baba ya ce za ka zo." Ya faɗi sunan daidai, yadda kakata take faɗa.

Ya jawo mu gaba har bakin kabari. Ana kwaɓa ƙasar da za a rufe da ita, ruwa ya ƙare. Kafin a ce wani abu Chinedu ya sungumi jarka ya nufi famfo. Yana dawowa da ita a kafaɗa, rigarsa ta jiƙe, sai na ji wani dattijo mai farin gemu, wanda bai taɓa ganin sa ba sai yau, yana cewa, "Ku ba Chinedu hanya. Chinedu, kawo nan."

A nan kuka ya ƙwace mini. Na so a ce Malam ya ga wannan.

Mun haye, Malam. Mun makara kaɗan, amma mun haye, kuma da hannunmu aka rufe ka.

Allah Ya ji ƙan Malam Habibu, Ya gafarta masa, Ya sa ya huta. Ya saka masa da alheri a kan kowace safiya da ya hau gadar nan saboda 'ya'yan da ba nasa ba. Ya ba matarsa Hajiya da Mukhtar da sauran iyali haƙuri, Ya ta'azantar da mu ɗalibansa.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, ko masallaci kake zuwa ko coci, ka sa shi a addu'a. Idan za ka yi kuma, don Allah kada ka ce wani malami. Sunansa Habibu.