Motar Alhaji Idi a Hanyar Urafan

Jama'a, wannan abu ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma Allah shi ne shaidata. Lokacin ina makanike a Tasawa, garajina na bayan tasha, shekarar da damina ta ƙi kuma soja ke riƙe da ƙasa, mutanen ƙauye na ta barin gida saboda rumbu ya ƙare tun kafin bazara.

Akwai wani Alhaji Idi mai tsohuwar motar haya da ke zuwa Urafan ranar kasuwa, direbansa wani mai shiru-shiru da ake kira Sale. Rannan aka jawo mini motar da igiya. Da na tayar sai tari take tana karkarwa, na ce wannan kurwa ce, wato bel ɗin nan mai haƙora da ke haɗa sama da ƙasan inji. Na buɗe murfi, ai kuwa alamomin daidaita injin sun saɓa, ta tsallake haƙora. Na juya injin da hannu a hankali don in ji ko fistan ya daki supap, wato bawul ɗin inji, Allah ya sa bai lanƙwasa komai ba. Na sa sabuwa, na ɗame ta yadda ya kamata.

Kasuwa ta zagayo, sai ga motar kuma a igiya. Ta gaba ma haka. Haba! Alhaji ya zo garaji ya tsaya kaina gaban mutane, ya ce ko dai tsohuwar kurwa nake wankewa in mayar, ko da gangan nake barin ta sako-sako, in ta sake yi kuwa wajen jandarma za mu. Wanda ya san wancan zamani ya san ba a son a ji sunan mutum a can. Ni kuwa Sale nake zargi, don duk sanda na tambaye shi inda take mutuwa sai ya kau da kai ya ce, "Can dai hanya." Na ce a raina mutumin nan taɓa ta yake don ya ɓata ni. Sai na gyara, na ɗiga jan fenti a kan kowane ƙusa na murfin, na ce wa Alhaji wannan karon da ni za a je.

Muka tashi da hantsi, mota cike da 'yan kasuwa, inji na tafiya lafiya lau, idona na kan hannun Sale. Rana na take tsaka muka kawo wani fako kusa da wata rijiya da ta ƙafe, sai na ga Sale ya ƙara wuta yana motsa baki. Ba rami, ba tudu, motar ta yi tari ta mutu.

Na sauka na duba, fentina na nan ko ƙwarzane babu. Na kwance murfin. Wallahi tallahi kurwar ta tsallake, kuma a bayanta ga laka ɗanya sharkaf mai warin gindin rijiya, da shatin yatsu a jiki kamar an kama an ja. Laka fa, a shekarar da ko tsuntsu ke neman ruwa!

Ina nan tsugune sai wani tsohon makiyayi da ke ƙarƙashin aduwa da 'yan awakinsa ya ɗaga murya. "Kai mai gyara, kana wahalar banza. Ku ce wa matar da ke zaune a goshin motar ta sauka tukuna."

Na ce, "Baba, wace mata?"

Ya ce, "Tambayi direbanka, shi ya san ta."

Na juya, Sale gumi ya jiƙa masa riga. Ya ɗauko jarkar ruwan da muke zuba wa mota, ya je bakin rijiyar ya tuttule ta duka a ƙasa, ya dawo ya ce in gyara mu tafi. Na daidaita alamomin, motar ta tashi bugu ɗaya. A hanya na matsa masa, me ka yi wa matar nan, ka wuce ta ne, ko kaɗe ta ka yi? Ya ce don Allah in bar shi. Muna isa Urafan ya miƙa mini makulli ya shige cikin kasuwa, kuma har yau ban sake ganinsa ba. Ni na koro motar zuwa Tasawa.

Gab da magariba na shiga gida na zauna kan tabarma, sai maiɗakina ta fito da kwanon sha a hannu tana waige-waige, ta ce, "Maigida, ina baƙuwar da ta shigo bayanka ta roƙi ruwa? Zaninta duk laka."

Ƙofar gidan kuwa ni da kaina na sa mata sakata da na shigo.

Ni dai ban san ko wace ce ba, ban kuma nemi sani ba. Amma ku direbobi da masu gyara 'yan'uwana, in kuka ga mutum a bakin hanya da rana tsaka ya ɗaga hannu, ko ba ku da wurin zama, ku tsaya ku ba shi ruwa. Ni har gobe in na tuna tsigar jikina tashi take.