Hoton Da Ya Ƙi Girma

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, kuma ita irin matan nan ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa duban fuskata ba, in dai ina lura. Tun da aka yaye ni ƙanwar mahaifina, Gwaggo, ta ɗauke ni daga Argungu ta kawo ni unguwar Nassarawa a Birnin Kebbi, a hannunta na girma. In na je gida hutu, na durƙusa a bakin ƙofar ɗakin Inna na gaishe ta, sai ta amsa tana duban tukunya, ko tabarma, ko wata kaza da ke wucewa. In za ta ba ni abinci sai ta ce wa ƙanwata, "Kai ma mutanen Birni tuwonsu."

Ban taɓa zargin ba ta sona ba. Kan kifi mafi tsoka kullum a kwanona yake, kuma kowa a gidan ya san ba kuskure aka yi ba. Amma ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai. Na yi gemu, na kama aikin gwamnati a sabuwar jiharmu, na yi aure, duk da haka ban san yadda idon uwata yake ba in yana kallon mutum kai tsaye.

A gidanmu babu hotonta ko ɗaya. In mai hoto ya zo da salla sai ta shige madafa. Na taɓa aro kyamara mai fim na je da ita, amma ita wannan dole ka manna idonka a jikinta, don haka duk wanda ya dube ta kai ya duba. Inna tana ganin na ɗaga ta ta ja mayafi ta juya baya. Da aka wanke fim ɗin, ƙeyarta kawai na samu da rabin turmi.

Bayan an ƙirƙiro jiha da 'yan shekaru sama da goma, wani abokin aikina ya dawo daga aikin hajji ya sayar mini da wata 'yar kyamara mai launin azurfa, wadda ba ta kai sabulun wanki girma ba. Ba ta cin fim. Wani ɗan kati ake zura mata a ciki, a bayanta kuma akwai ɗan gilashi kamar talabijin, kana ɗauka kana gani. Tana jawo abu na nesa ya zo kusa, tana walƙiya da kanta in wuri ya yi duhu, ga cin batir kamar mayya. Tana da wani hali kuma mai ban haushi: in ka danna, sai ta ɗan yi tunani tukuna kafin ta ɗauka. Na sha ɗaukar akuya in samu wutsiya. Amma a lokacin ji nake babu kamata daga Gwadangaji har kasuwa, a aljihun gaba nake saka ta don igiyar ta leƙo.

A cikin saitinta akwai wurin da ake zaɓen girman hoto. In ka zaɓi babba, hoton zai fito tar amma katin zai cika da wuri. In ka zaɓi ƙarami, za ka yi ta ɗauka har ka gaji. Na gwada duka biyun a ofis, na dube su a ɗan gilashin nan, ban ga wani bambanci ba. Duk da haka a babba na bar ta, don ni mai son abu mai kyau ne.

Sai ƙanwata ta haihu, aka sa suna a Argungu. Na ɗauki Gwaggo a bayan babur muka tafi, tana ta mita a hanya wai ina gudu kamar wanda aka aika ɗebo wuta.

Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne matan suna. Da, in mai hoto ya ɗauke ka, shi ke nan, sai bayan mako ka ga abin da Allah ya yi. Wannan karon wata 'yar kawuna ta leƙo bayan kyamarar ta ga kanta, ta ƙwala ihu, nan take tsakar gida ta watse ta dawo kaina. Kowace sai an ɗauke ta ita kaɗai, sannan da jaririya, sannan da ƙawarta, sannan ta shiga ɗaki ta sake zane ta fito. Wata tsohuwa daga Augie, wadda ta zo da buhun albasa gudummawa, ta dubi nata ta ce, "Wanga ba ni ta ba, ɗana. Hancina bai kai haka ba. Sake." Na sake.

Kafin azahar katin ya cika. Na koma gefe zan goge wasu, sai na ga ba dama, domin kowace tana dawowa da wata sabuwar baƙuwa ta ce in nuna mata nata. In ta tarar babu, me zan ce? Waɗannan iyayena ne da gwaggwannina da surukan ƙanwata, ga wasu a layi sun ci kwalliya suna jira. A wurinmu ba ka duban matar da ta goya uwarka ka ce mata wuri ya ƙare. Na goge hotunan ofis da na babur ɗina, na shiga saiti na mayar da girman hoto can ƙasa, mafi ƙanƙanta. Nan da nan kyamara ta nuna akwai wuri har na banza. Na ji daɗin dabarata, na ci gaba da ɗauka, kowa ta tafi tana sa mini albarka.

Bayan la'asar gida ya fara sarari. Inna tana zaune a kan kujera 'yar tsugune a bakin madafa, tana raba sauran tuwon shinkafa a kwanonin da za a aika maƙwabta. Tun safe ba ta zo ko kusa da inda nake ba. Gwaggo, wadda ba ta da kunyar kowa, ta je ta tsaya a kanta.

"Dut an ɗauki kowa, ke ɗai kinka rage."

"Ku bar ni," in ji Inna. "Mi za a yi da hoton tsohuwa?"

"Tsohuwar Augie ta hi ki shekaru, sau nawa anka ɗauke ta? Ke, ba shi za ki diba ba, ƙarhen za ki diba. Ba ki ga idonai na ƙasa ba? Ko ganinki bai yi."

Gaskiyar Gwaggo, domin ita wannan kyamara ba a kai ta ido. A daidai ƙirji na riƙe ta, kaina a sunkuye, ina duban gilashi. Ban motsa ba, ko numfashin kirki ban yi ba. A cikin gilashin na ga Inna ta ajiye mara, ta goge hannu a zane, ta gyara ɗankwali. Sannan ta ɗago kai.

Na ga idon uwata. Manya ne, masu ɗan ja saboda hayaƙi, kuma ba ƙarfen take duba ba, sama da shi kaɗan take duba, inda fuskata take. Haka dai na gani, ko haka na so in gani. Na danna, kyamara ta yi ɗan tunaninta da ta saba, ta ɗauka. Kafin in ɗago har Inna ta koma kan tuwonta tana cewa, "To, kun huta."

A ɗan gilashin hoton ya yi kyau. Fuskar ba ta wuce ƙwayar gyaɗa ba, amma ga ta nan tana fuskantowa. Na wanke wa matan nasu ƙanana, sun ɗan yi hazo, ba wadda ta damu. Na Inna kuwa na bar shi a kati, don nima ashe kunyar ta kama ni. Ina zan rataye hoton uwata a falo abokai su zo su gani? Sai dai in ni kaɗai ne in kunna kyamara in duba, har batir ya mutu.

Da damina ta zagayo Inna ta kwanta ciwo na 'yan kwanaki, Allah ya karɓi abarsa. Bayan an share makoki ƙannena suka ce in wanko hoton babba, kowa ya samu. Na kai katin wurin wani mai wankin hoto a Birni, mutumin kudu ne amma ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi tawa Kabanci. Ya sa a kwamfuta ya buɗe, ya ja hoton ya cika allo.

Tun kafin ya yi magana na gane. Fuskar Inna ta farfashe ta zama 'yan murabba'ai kamar saƙar tabarma. Ga ɗankwali, ga zane, ga kwanoni, duk ana iya cewa su ne. Wurin idanu kuwa tabo biyu ne baƙaƙe, babu fari babu ƙwaya.

"Malam, ƙarami anka ɗauke shi," ya ce a hankali. "Abin da ba ta ɗauka ba, ba ni iya sa shi. Wa ta?"

Na ce mahaifiyata ce. Ya yi mini ta'aziyya, ya yi ta gwada dabarunsa, yana ƙara haske yana ragewa. Hotunan safe, waɗanda na ɗauka kafin in taɓa saitin, suka fito ras, har ana ƙirga duwatsun sarƙar 'yar kawuna. Na zauna a bencin shagon ina kallonsu.

Na sa ya wanke mini na Inna ƙarami, na karɓa na kai wa Gwaggo. Na tambaye ta, tunda tana wurin, ko ta lura inda Inna take duba a lokacin. Ta kai hoton kusa da fuska, ta nesanta shi, ta juya shi wajen haske. Na san da ta ga dama da ta faɗa mini abin da nake son ji, amma Gwaggo ba ta iya ƙarya ba ko ta lallashi.

"Ɗana, ni bayanta nike tsaye," ta ce. "Ban gani ba."