Ranar da Inna Ta Sauka Karɓar Ƙauli

Wata Talata ce cikin watan Azumin Tsofaffi, shekarar da na shiga bakwai, muna zaune a birnin Alƙahira ta ƙasar Masar. Baba ya fita tun bayan asuba zuwa jami'ar da yake karatu. Ina durƙushe ina wanke allona a cikin roba, sai ga Inna ta fito daga ɗaki da babban mayafinta na zuwa suna, riƙe da langa mai murfi wadda ta wanke ta goge har tana ƙyalli. Ta ce, "Ɗanlami, sa takalminka, ƙasa za mu." Na saki allon ina kallonta, domin tun da muka zo garin ba ta taɓa taka matakalar benen nan ba sai Baba yana gaba.

Baba mutumin Kankia ne, malamin Arabiyya da ya sami gurbin ƙaro karatu, ya ce ba zai bar iyalinsa a baya ba. Inna kuwa ɗiyar Dudunni ce a ƙasar Kusada, mahaifinta malamin allo ne kuma manomi, a gabansa ta yi karatu har ta iya rubuta ajami da hannu mai kyau. Ita ta ɗora ni a kan babbaƙu da farfaru, ita kuma take yi mini ƙari. A gidanmu na Kankia ba a rasa motsi: kafin rana ta fito an ji turmi, matan baffannina suna surfe suna zolayar juna, awaki suna neman ɓarnar dusa, 'yar Fulani ta sauke ƙwaryar nono a bakin rumbu ana ciniki ana hira. Da kaka kuwa Inna takan tafi da ni Dudunni roron wake, mu wuni a gona, mu dawo a baje shi a tsakar gida ana bugu ana sheƙa. Daga cikin wannan aka ɗauko ta aka ajiye a ɗaki biyu can saman wani tsohon bene, inda ba ta jin maganar kowa, kowa kuma ba ya jin tata.

Ni dai garin ya yi mini. Komai nasa abin kallo ne. Da safe in leƙa taga in ga mai gurasa a kan keke, ya ɗora katako mai tsawon ƙofa a ka, gurasa jere a kai, yana ratsa motoci da hannu ɗaya. Matan benen da ke fuskantarmu ba sa sauka cefane, kwando suke zurowa da igiya, mai kayan miya ya zuba musu tumatir su ja. A saman rufin gidanmu wani tsoho yana kiwon tattabaru, da la'asar ya yi musu fito su zagaye unguwa su dawo. Ranar Juma'a ce babbar ranata. In an sauko masallaci Baba yakan fita da mu, mu shiga jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin gari, in hau matakala mai tafiya da kanta ina riƙe da rigarsa ina dariya. Mu je bakin kogin Nilu mu zauna, ya saya mini ruwan rake da aka matse a gabanmu, da gasasshen dankali mai zafi a cikin takarda. Ranar da na fara ganin kogin na tambayi Baba wane ne ya tare ruwan damina haka bai bari ya wuce ba. Duk wannan yawo Inna tana biye da mu a baya, idonta a ƙasa, in an miƙa mata abu ta ce ta ƙoshi.

Sannu a hankali ta rame. Ba ta cin komai sai tuwon garin da muka zo da shi da miyar kuka, shi ma loma kaɗan. Barci ya ƙaurace mata, takan ce kamar an ɗora mata dutsen niƙa a ƙirji. Ta roƙi Baba ya yi mata rubutun sha irin wanda mahaifinta yake yi mata, shi kuwa ya ce kewar gida ce kawai, ta yi haƙuri, in ta ci gaba ya kai ta ga likita. Daga baya na ji sun yi magana a hankali, suka tsayar cewa idan Malam Sani, wani ɗalibi ɗan Kusada da ya kusa gama karatunsa, zai koma gida bayan ƙaramar Salla, ni da Inna za mu bi shi. Baba zai zauna shi kaɗai ya ƙarasa shekarun da suka rage masa. Tun daga ranar ruwan rake ya daina yi mini daɗi. Ba na son in bar kogin, ba na son in bar Baba, kuma ba na son ganin Inna tana zaune a bakin taga kamar wadda aka yi wa rasuwa.

Ashe a bakin tagar nan ta ga wani abu. Kowace safiya wani dattijo mai farin rawani da doguwar jallabiya yakan tura amalanke ya tsaya a kwanar layinmu. A kan amalanken akwai ƙaton tulun tagulla mai siririn wuya, kwance a karkace. Mutane su yi layi, maza da mata da yara, kowa da kwanonsa, shi kuma ya zura dogon ludayi ya ɗebo ya zuba musu. Kafin hantsi ya watse, shi ya sa ba mu taɓa tarar da shi ba a fitarmu ta Juma'a. A jikin amalanken an yi rubutu da jan fenti, manyan baƙaƙe, ba wasali ko ɗaya. Inna ta karanta yadda aka koya mata: baƙi na farko mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf ke nan, sai wau, sai lam. Ƙauli. Ta duba rawanin, ta duba tulun, ta duba masu kwanuka, ta haɗa lissafinta. Wannan malami ne, ƙaulin Allah, wato ayoyinsa, yake rubutawa ya wanke ya cika tulu, mutanen gari suna karɓa da sassafe. Ba ta gaya wa Baba ba, tun da ta riga ta ji ra'ayinsa.

A kan matakala ta faɗa mini inda za mu. Ta ce in Allah Ya sa ta dace ƙirjinta ya yi sauƙi, to, sai a sake maganar tafiyar. Ban taɓa yin addu'a da gaske irin ta wannan saukowa ba, duk surar da na haddace sai da na karanta ta. Muka fito titi, ƙarar motoci ta dake mu, Inna ta damƙe hannuna har yatsuna suka yi tsami, amma ba ta juya ba. Muka bi layi. Da aka zo kanmu ta cire takalmi a gefen titi, ta durƙusa har ƙasa, ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah gafarta Malam," sannan ta miƙa langar da hannu biyu tare da sadakar da ta ƙulle a bakin mayafi. Dattijon ya ja da baya yana istigfari, yana yi mata alama ta tashi, mutanen layi suna kallon juna. Inna ta ɗauka tawali'u ne irin na manyan malamai, ta ƙara sunkuyawa. Ni gajere ne, ban hango cikin tulun ba, ita kuma ba ta ɗaga ido ba. Ya cika langar, ya rufe, ya mayar mata da abin da ya yi saura na sadakarta, abin da ya ƙara masa girma a idonta.

Muna hawa bene ta fara sauya langar daga wannan hannu zuwa wancan. Ta ce ikon Allah, su nan da zafi suke shan rubutu. Muka ƙara hawa, sai na ga ta tsaya tana jan hanci. Ɗiyar Dudunni ba a ɓoye mata wannan ƙamshi. Ta zauna a kan matakala, ta yi bisimilla, ta ɗaga murfin. Wake ne, dafaffe luguf, an kwarara masa mai. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta dube ni ta ce, "Ɗanlami, mai wake na durƙusa ma." Sai kafaɗunta suka fara rawa. Na zaci kuka take, ashe dariya ce, irin wadda rabon da in ji tun a tsakar gidanmu na Kankia. Ta yi ta yi har hawaye suka jiƙa mayafin, ni ma na kama. A haka wata mata mai jiki da ke zaune a hawan ƙasa da namu, wadda daga baya muka san Ummu Hasan ake ce mata, ta tarar da mu da nata kwanon. A layi tana bayanmu, ta ga komai. Ba ta jin Hausa, amma ta zauna kusa da Inna ta kama dariya ita ma, ta gutsuro gurasa ta dangwala a langar ta kai bakin Inna. Inna ta karɓa ta ci.

Da Baba ya dawo ni na riga kowa ba shi labari, tun bai cire takalmi ba. Ya jingina da bango yana dariya, sannan ya ɗauki allona da tawada ya nuna mana. A rubutunmu na gida fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigonsa ɗaya a sama. Su kuwa mutanen gabas fa suke ɗora wa ɗigo ɗaya a sama, ƙaf su ba shi biyu. Abin da ke jikin amalanken ful ne, sunan waken da duk garin ke karya kumallo da shi. Ya ce laifinsa ne da bai taɓa tunanin gaya mata ba, tun da ita Alƙur'aninta na gida take karantawa. Inna ta ce, "To, Malam, mi ya kai ɗigon fa bisa kai? Mutanen ga komi nasu sai sun hau da shi bene." Daga nan ta koma kan waken. Ta ce manya ne kamar babban yatsa, ɓawonsu kamar fata, ba a sa kanwa ba, ba yaji, wanda ya dafa wannan a Dudunni sai an yi masa waƙa. Tana faɗa tana ci, har ta suɗe langar.

Washegari ta sake sauka, wannan karon da ƙullin yaji, kuma ba ta cire takalmi ba. Dattijon yana hango ta ya dafa ƙirji ya rusuna mata, layi ya fashe da dariya. Bayan 'yan kwanaki Ummu Hasan ta ja ta kasuwa, suna magana da hannu da ayoyin da kowaccensu ta sani. A can Inna ta gano farin wake mai baƙin ido irin namu a cikin wani buhu, ta cusa hannu a ciki har wuyan hannu ta ƙi cirewa. Ranar muka ci ƙosai, aka kai wa Ummu Hasan, aka kai wa tsoho mai tattabaru.

Fitarmu ta Juma'a ma ta sauya. Inna ta ɗaga kai, ta shiga karanta duk allon da muka wuce, da gangan take yi da ƙaf ɗinta na gida don ta ba mu dariya. Muka wuce wani babban masaukin baƙi, ta ce wannan gida duk girmansa ƙundu ake sayarwa, alhali funduƙ aka rubuta, sunan masauki da Larabci. Ranar da Baba ya kai mu gidan namun daji kuwa, muka tsaya gaban giwa, tana miƙo hanci yara suna ba ta gyaɗa, ni ina tsalle ina neman a ɗaga ni. Inna ta duba ɗan allon da ke jikin shingen, inda aka rubuta fil, sunan giwa da Larabci, ta ce, "Ji mutanen ga, ga giwa tsaye ƙiri-ƙiri, sun rubuta ƙila." Baba ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Duk da haka ba wanda ya sake ta da maganar tafiya, ni kuma ina tsoron tambaya. Aka yi azumi, aka yi Salla. Wata la'asar Malam Sani ya zo sallama, ya zauna da Baba a kan darduma, ya ce jirginsa ya matso, ya kamata a san abin da ake ciki game da iyali. Baba ya shiga murza carbi. Ni ina maƙale a bayan ƙofa ina saurare. Inna ta gaishe shi daga bayan labule, ta tambayi shirin hanya, sannan ta ce in ya isa Kusada ya daure ya ƙarasa Dudunni, ya gaida tsofaffinta, ya ce duk mai tahowa a ba shi kanwa da daddawa da kuka. Ta ƙara da cewa, "A sako da yawa, muna nan tukuna." Sai na ga Baba ya ajiye carbin ya zuba wa baƙon shayi har ya zube a faranti. Muka ci gaba da zama a garin tare har Baba ya gama karatunsa, a can aka haifi ƙanwata Hadiza.

Yau ina Kankia, Baba ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa, Inna kuma ta tsufa a ɗakinta na kusa da rumbu. Hadiza ce yanzu take wata ƙasa mai nisa da mijinta da ɗanta ƙarami. Kullum sai ta kira a waya, mu gan ta ta gan mu, a zagaya da ita gida ta gaida kowa har awaki. Cefane ana kawo mata har ƙofa, hanya waya ke nuna mata, kalmar da ba ta gane ba waya ke fassara mata, ba ta taɓa yin kuskuren da zai sa wani ya yi mata dariya ba. Amma da Inna ta tambaye ta sunan maƙwabciyarta, sai ta ce ba ta sani ba. Inna ta daɗe tana duban yaron a cikin wayar, yana wasa shi kaɗai a bakin taga. Mu a lokacinmu ba mu san komai ba, shi ya sa muka san mutane.