Wa zai gaya wa Nana?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina bakin lakwal, makarantar da nake koyarwa, labari ya iske ni: Manjo Illa ya rasu a Tasawa. Na shiga aji, na kasa ɗaukar alli.

Ga wanda bai san shi ba, tsohon ma'aikacin likita ne. Rayuwarsa ta ƙare a bin ƙauyuka, daga Hawandawaki har Mayahi, yana neman yaran da ba su ji kuma ba su gani, don a san yawansu da abin da suke bukata.

Ya ce mini abin ya faro tun babban farin nan na zamanin sojojin farko. Ana rabon hatsi gwargwadon bakunan gida, sai ya lura akwai bakin da ba a ambata. Maigida zai lissafa 'ya'yansa kaf, ya tsallake na ƙuryar ɗaki. Ba ƙi ba ne, gudun bakin mutane ne. A wani gida sai da aka fito da gawa kafin ya san da yaron. Wannan bai taɓa barinsa ba.

Daga nan ya daina tambaya, ya koma duban igiya. Duk gidan da aka ɗaura igiya daga ƙofar ɗaki zuwa makewayi, daidai ƙugun yaro, ya san akwai mai bin ta da lalube.

Ni kam rakiya nake yi masa da moto, wato babur, in an yi hutu, kuma na sha tsiyarsa. Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamin makaranta a nan. "Mushe, kai da baki kaɗai ka iya koyarwa. Hannun ga naka rago ne."

Aljihunsa ba ya rabo da dabino. Ba ya shiga gida sai matan sun ce a shigo, ko da rana na dukansa.

Bana damina ta yi gardama, sojoji ne kuma a sama, masu tallafa wa aikin sun tattara nasu ya-nasu, mai ya yi tsada. Sai ya koma hawa amalanke, da tsufansa.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a wani ƙauye ce bayan garin Sarkin Hausa, wajen Nana, ɗaya daga cikin yaran nan da ba su ji ba su gani. Budurwa ce yanzu, kakarta ke riƙonta. Da ya durƙusa, sai ta kai hannu kumatunsa ta bi zanen askarsa da yatsa, ta fashe da dariya. Haka take gane shi. A tafin hannunta ya koya mata alamar ruwa, ta tuwo, ta ciwo. Da za mu tashi ya yi mata wata: ya naɗe yatsunta ya matse.

Na ce wannan fa?

Ya ce, "Ina dawowa ke nan. Ban taɓa yi mata ita na saɓa ba."

Na ce cikin wasa, "To Baba, ran da ba ka dawowa fa?"

Bai yi dariya ba. "Wagga ban san yadda ake yin ta ga hannu ba."

Ɗazu kakar ta sa aka kira ni a waya. Ta ce duk amalanken da ya wuce, Nana tana jin motsinsa a ƙasa, ta miƙe ta tsaya bakin ƙofa da hannu a buɗe. "Ɗana, mi za mu ce mata?"

Tasawa duk ta ji, har na Maradi sun bugo ta'aziyya. Ita kaɗai ce ba ta sani ba, kuma babu mai harshen da zai sanar da ita. Tsoro nake ji, wallahi. Bayan sadakar uku zan je, zan durƙusa gabanta, ban san abin da hannuna zai yi ba.

Allah Ka jiƙan Baba Illa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa Ƙulhuwallahu. Ku haɗa da Nana a addu'ar, ku roƙa mata Wanda ba Ya bukatar kunne ko ido kafin Ya isar da magana, Ya sanyaya mata jiran nan.