Wasiƙar Da Ta Hana Gwaggo Tsaninta

Gwaggona, yayar mahaifina, ta yi shekara ashirin da biyu tana haɗa sabulu a ɗakin bayan gidanta. Ɗaki ne mai taga ɗaya, da durom biyu na mai, da dogon tebur inda take yanka sabulun da siririyar waya in ya daskare. Bayan hannunta duk tabon soda ne. Mijinta mai fenti ne, kuma kafin rasuwarsa shi ya zana mata ɗan tsani mai hawa huɗu a jikin kwali, ya ce a riƙa buga shi a takardar naɗi. Tun daga nan sunanta ya ɓace. Masu shaguna sai su ce sabulun Mai Tsani, mu ma 'yan gida wani lokaci bakinmu kan suɓuce mu kira ta haka.

Wata Talata da hantsi mai babur ya kawo mata ambulan. Ba ta iya karatu sosai ba, sai ta aika aka kira ni. Na same ta tana juya mai da muciya, ta ce in karanta tana ji. Na karanta layi uku na tsaya.

"Ci gaba mana, ko odar kaya ce?"

"Gwaggo, daga lauyoyi ne. Wai ki daina sa tsani a jikin sabulunki cikin kwana ashirin da ɗaya. Wai tambarin na wani kamfani ne."

Dariya ta fara yi. Da ta ga fuskata, sai ta saki muciyar ta nutse a cikin durom.

"Tsanin nawa? Wanda baban yara ya zana?"

Na nuna mata shafi na biyu. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, har da hawa na uku da ya ɗan karkace saboda hannun marigayin ya goce ranar da ya zana. Ta zauna a kan bokiti, baki buɗe.

Washegari muka je wurin wata lauya da ke saman wani kantin magani. Ta tambayi Gwaggo ko ta taɓa yi wa tambarin rajista.

"Rajistar me, 'yar nan? Garin nan kaf an san nawa ne."

"Mama, mutane sun sani, amma ofishin rajista bai sani ba. Su abin da aka kai musu a rubuce suke gani. In mutum ya nemi tambari a kan wani irin kaya, sai a buga sanarwa, a jira ko wani zai ce bai yarda ba. An buga, ba wanda ya zo."

"A ina aka buga? Ni ba wanda ya faɗa mini!"

Lauyar ta danna kwamfuta, ta juyo mana da fuskarta don mu ga sunan mai kamfanin. Ni na fara gane shi. Mai ɗab'in da ke buga wa Gwaggo takardar naɗi ne shekara goma sha biyar. Yaya yake ce mata. In matarsa ta haihu, Gwaggo ke aika kwali guda na sabulu kyauta.

"A'a," in ji Gwaggo. "Sake dubawa. Suna ne ya zo ɗaya."

Ba suna ba ne ya zo ɗaya. Daga ofishin Gwaggo ta ce mu wuce shagonsa, na hana, ta ƙi ji. Muka tarar da injin yana aiki, takardu suna zubowa ɗaya bayan ɗaya, kowace da tsaninta, amma a ƙasa sunan wani kamfani ne. Ya miƙe yana goge hannu da tsumma.

"Yaya, sannu da zuwa. Ai da ma ina son in zo mu zauna."

"Kai ne?"

"To, ai na ga kin bar abin haka nan a sake. Da ban yi ba, wani ne zai yi."

Ta dube shi, ta dubi injin. Ni na kamo hannunta muka fito.

Lauyar ta ce ba a rasa komai ba tukuna, wanda ya riga amfani da tambari yana da bakin magana in yana da shaida. Sai muka shiga tonon gida. Muka samo takardar duba-gari ta shekarun baya da hoton sabulun a manne, da tsofaffin takardun naɗi da aka shimfiɗa a ƙasan akwati. Masu shaguna tara suka rufe shagunansu suka zo kotu ba da shaida. Ɗaya daga cikinsu, wani dattijo mai kurman kunne, ya ɗaga murya ya ce wa alƙali tun gashinsa yana baƙi yake sayar da wannan sabulu, har alƙalin ya murmusa.

Shari'ar ta ci wata goma sha huɗu. A tsawon lokacin nan Gwaggo a farar takarda take naɗe kayanta, masu saye suna jujjuya shi suna shinshinawa, wasu su ajiye su ce jabu ne. Ta rame, hawan jini ya kama ta. A ƙarshe kotu ta soke rajistar mai ɗab'in, ta ce ya san na wata ne ya je ya nema.

Ranar da muka karɓo tata takardar rajistar, ban ga murna a fuskarta ba. Har yau in zancen ya taso sai ta girgiza kai ta ce, "Yaron da nake ba kujera a ɗakina." Ranar nan a mota, muna komawa gida, ta sa na karanta mata takardar sau biyu. Da na zo inda aka ce sai an sabunta rajistar bayan wasu shekaru, ta zaro ido.

"Au, abin har ƙarewa yake yi?"

Muna isa gida ta miƙo mini gawayi, ta sa na rubuta ranar a bangon ɗakin sabulu, da manyan lambobi, daidai saitin idonta.