Takin da Katell Ta Zuba a Tudu

Katell Guivarc'h ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Haka take tun tana yarinya, amma tun da jirgin dakon mai ya fashe kusa da garinmu Kervalan, a gaɓar yammacin Faransa, abin ya ƙaru. Ko kofi a tsaye take sha, idonta na kan taga.

Tudun yashi take kallo. Shi ya raba teku da filin shaƙatawa na gari, shi kuma ya raba teku da gidanta, na ƙarshe a layin. Da baƙin mai ya malale gaɓar, manyan motoci suka kwashe yashin da ya ɓaci, suka haɗa har da ciyawar da saiwarta ke riƙe da tudun. Aka bar shi tsirara. Kowa ya san in guguwar hunturu ta same shi a haka, ruwa zai shigo, kuma gidan Katell zai fara yi wa sallama.

Ta haura sittin, rayuwarta duk a kwasar ganyen teku da noman dankali ta tafi. Da hukumar gari ta kawo dashen ciyawa ta nemi masu aiki, ita ta fara zuwa. Ana ta zancen sabuwar hanyar katako da kujeru da lilon yara da hukumar ke kafawa a wurin. Ita dai ciyawar ce a ranta.

Ƙaninta Goulven masunci ne, an hana su fita teku tun zuwan man, sai ya koma tura mata baro yana mita.

"Yaya, ki bar abin nan ya sha iska mana. Kullum kina leƙa shi kamar tukunya a wuta."

"Tura baro, malalaci. Kifi ya huta da kai, ni ban huta ba."

"Ni dai ban taɓa ganin an jawo ciyawa da ido ba."

"Me ka taɓa gani in ban da gindin kwalba?"

Kwanaki suka ja, dashen bai yi kore ba. Ya yi fari-fari, ya kwanta, iska na tone gindinsa. Katell ta hau tudu da safe, ta sauko, ta sake hawa kafin rana ta yi tsaka. A wajenmu shuka in ta yi rauni maganinta ɗaya ne, ganyen teku. Da shi kakanninmu suka mai da yashi gona. Don haka da igiyar ruwa ta watso shi tuli-tuli, yana sheƙi kamar an wanke, Katell ta bi gida-gida ta tattaro maƙwabta. Suka lulluɓe gindin dashen kaf. Ba wanda ya tambayi ma'aikatan hukuma, don a Kervalan ba a tambaya kafin a zuba taki.

Sai rana ta buɗe, ta yi zafi. Warin man ne ya fara isowa, wanda muka ɗauka mun rabu da shi. Katell ta ɗebi ganyen ta murza, tafin hannunta ya yi baƙi ƙirin. Ashe ƙananan dunƙulen kwalta ne maƙale a cikinsa, kamar kashin awaki. Rana ta narkar da su, sun tsiyaye har saiwa.

Goulven ya ajiye baro. "Yaya..."

"Kada ka ce komai."

"Ai tare muka zuba. Ni na ma fi ki zubawa."

"Na ce ka yi shiru, ka durƙusa."

Da hannu suka kwashe shi, a durƙushe, su da maƙwabtan, ba mai kallon wani. Fiye da rabin dashen ya riga ya mutu. Hukuma ta ce sabon dashe sai bayan hunturu. Katell ta hau keke ta bi ƙauyukan da man bai kai ba, tana roƙon a bar ta ta tsaga kaɗan daga ciyawar tudunsu. Wasu suka yarda, wasu suka ce su ma tsoro suke ji. Abin da ta samo ta dasa, sai dai lokaci ya ƙure, saiwar ba ta kama sosai ba.

Guguwar ta zo a watan Nuwamba, da rana tsaka, muna tsaye muna gani. Tudun ya riƙe ta gefen filin. Ta gefen Katell, inda aka fi zuba takin, ya ɓalle. Ruwa ya ɗauke wani sashe na hanyar katakon, ya shanye gonar dankalinta, ya shiga gidan har gwiwa.

Yanzu tana zaune wajen Goulven, a saman tashar jiragen kamun kifi, kafin bangon gidanta ya bushe. Matarsa ta ce Katell ba ta cin abinci ta gama. An yi alkawarin toshe ɓarakar da duwatsu. Katell ta ce dutse ba ya yin saiwa. Ta cika bahon wankan gidan da yashi ta dasa ciyawa a ciki, su Goulven na wanka da bokiti.