Shamuwar Baba Ta Makara

Yau da safe ina shanya littattafaina a kan igiya kamar wanki, raina a ɓace, Baba kuwa na zaune da rediyonsa ko a jikinsa.

Tun bara rufin ɗakina ke yoyo. Amma a gidanmu na Unguwar Dosa ba a kiran kafinta sai shamuwa ta sauka a tsamiyar ƙofar gida, wai ruwa ba ya riga ta zuwa. Na ce masa na karanta cewa zuwansu ba tabbas, wata shekarar su cika bishiya, wata shekarar da ƙyar ka ga biyu. Ya ce karatun waya ne.

Jiya aka tafka ruwa. Babu shamuwa ko ɗaya.

Ina cikin shanya sai ga guda ta sauka, tana gyara fiffike.

Na ce, "Baba, ga ma'aikaciyarka, sai yanzu ta shigo ofis."

Ya ɗaga kai. "Alhamdulillahi, damina ta kama. Je ka kira kafinta."

"Ruwan jiya fa?"

"Wannan ba da saninta aka yi ba."

Jama'a, don Allah wa zan kai ƙara, Baba ko tsuntsuwar?